Lofe Ɗaya Saboda Fangalin Fure

Ku ajiye abin da ke hannunku, jikokina, ku ara mini kunnuwanku. Na tsaye ya nemi wuri ya zauna, mai tauna ya haɗiye. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ce, babu kura a ciki, babu zomo. Ni ce a ciki da ƙafafuna biyu, tun haƙorana suna cike da bakina.

A Gwandu aka haife ni, ba a daɗe ba Nasara suka iso ƙasar. Ubana maɗinkin riguna ne, mutum mai tsadar magana, kullum allura a hannu, kai a sunkuye. A unguwarmu ba a busa hayaƙin taba. Wanda jarabar ta kama sai ya fita bayan gari ya laɓe a gindin kuka kamar mai biyan bukata, ya dawo yana tauna asawaki. Amma matan unguwar nan, har da matan malamai, babu wadda ba ta goge haƙoranta da furen taba. Mace za ta tauna goro, ta ɗauki furen ta murza a haƙora, ta murza, ta sake murzawa, har su rine su yi jawur. Ba wanda ya taɓa ce mata uffan. Ina yarinya ban san furen nan da hayaƙin nan uwarsu ɗaya ba.

A Kalgo na sani. Gwaggona, yayar ubana, can take aure. Ɗa namiji guda ta haifa, haihuwa ta tsaya mata, sai ta aiko a ba ta ni riƙo. Lokacin na fara ƙirgen dangi, shekaruna ba za su wuce sha uku ba. Kwana biyu muka yi a hanya bisa jaki.

Mijin Gwaggo manomin taba ne. Idan ruwan fadama ya janye sai ya share garkarsa, ya yanka ta fangali fangali, ya yayyafa iri haɗe da toka, don irin taba ya fi yashi ƙanƙanta. Idan ya tsiro a cire a dasa. Daga nan sai ban ruwa, safe da yamma, ba fashi. Jigo, doguwar sanda mai guga a kai, yana ɗebo ruwa ya zuba a lambatu, amma dashe sabo ba ya son ruwa mai gudu, sai an bi shi da ƙwarya ana yayyafa masa kamar mai yi wa jariri wanka. Wannan aikin 'yan mata ne. Idan taba ta kai ƙugu ta fara haɗa kai za ta yi fure, sai maza su bi ta ɗaya bayan ɗaya suna karye kan. Ƙarfin da zai tafi ga fure sai ya koma ganye, ganyen ya yi faɗi, ya yi kauri, ya yi ɗaci, yadda masu shan taba da lofe ke so.

Amma akwai al'ada a garkokin nan, ta mijin Gwaggo da ta maƙwabtansa duka. Fangalin ƙarshe, na bakin ruwa, na mai ƙwarya ne. Ba a karya masa kai. Ana barin sa ya yi fure, yarinyar da ta yi ban ruwa ta tsinki abinta, ta rina haƙoranta, ta ba wanda ta ga dama. Ran da aka gama dashe mijin Gwaggo ya kama hannuna ya kai ni gaban fangalin ya ce, “Wanga naki ne, 'yar Gwandu. In kin bar shi ya mutu, ke kika sani.”

Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa nuna wani abu a duniya an ce nawa ne ba. Zanen jikina na Inna ne da aka rage, tabarmar da nake kwana ta Gwaggo ce. Wata biyu ina ɗaukar ruwa, tafin ƙafata ya tsage da kaushi, bayana ya yi tsami, amma kowace safiya da nawa nake gamawa, in tsuguna in ƙirga ganyensa.

Ɗan Gwaggo ya girme ni da shekara biyu. Taubashina ne, abokin wasa, tun da ni ɗiyar namiji ce shi ɗan mace. Ina ce masa bawana, yana ce mini 'yar malamai. A shekarar nan muryarsa ta fashe, kuma a shekarar nan shi da abokansa suka fara shan taba. Kowa ya gina kan lofensa da yumɓu, ya gasa a murhun uwarsa, ya soka masa kara. Da hantsi ya yi zafi sai su taru a gindin wata tsamiya da ke gefen garka, su miƙe ƙafafu yadda suka ga masunta na yi, suna busawa suna kallon sama.

Ku ji abin da suke faɗa. Wai mai shan taba sauro ba ya cizonsa. Wai yunwa ba ta tanƙwara shi. Wai in ya shiga kwalekwale da sanyin asuba ba ya kakkarwa. Wai yaron da bai iya lofe ba, ko gemunsa ya kai cibiya, a aike shi ɗebo wuta. Mu kuwa 'yan mata in mun wuce da tuluna sai mu toshe hanci mu ce wari kamar an ƙona tsumma. Amma ina lura, mai toshe hancin nan tana satar kallo ta gefen tulu. Ƙawata, ɗiyar maƙwabcinmu, wadda muke ban ruwa kusa da juna, ta taɓa ce mini, “Ai hayaƙi ba ya muni a bakin namiji.” Na ce, a bakin mace fa? Ta tofar da yawu. Ta ce mace biyu ce ke shan lofe: tsohuwar da ta gama da duniya, da wadda ta bar gidan ubanta ta kama ɗaki a bakin kasuwa.

Abu ɗaya ne ya dami samarin nan: ba su da ganye. Iyayensu ba sa ba su. Sai ɗan ɓarɓashin da suka tsinta a wurin shanya. Ni kuwa na san abin da suke yi, don na sha ganin su ta bayan tsamiya in na je ɗibar ruwa. Busasshen ganyen wake suke murjewa su cika lofe, su ɗan barbaɗa taba a kai don ƙanshi. Na gani na yi shiru, ba ruwana.

Da taba ta fara haɗa kai, sai mijin Gwaggo ya ɗaure wa jakuna kaya ya bi ayari kudu, ya ce zai yi wata guda. Ya bar garka a hannun ɗansa.

Wata safiya na iso da ƙwaryata na tarar da taubashina yana karya kai. Ya gama fangali bakwai, hannunsa ya yi baƙi da danƙo, ya sa ƙafa cikin nawa. Ya riga ya karye guda uku. Na ga kawunan a ƙasa, 'yan tohon furen ko buɗewa ba su yi ba.

Na ce, “Kai bawana, idonka ya makance ne? Fita daga fangalina.”

Bai ko ɗago ba. Ya ce, “Wane fangalinki? Baba ya tahi, garka tawa ce.”

“Da bakinsa ya ba ni. Kana tsaye.”

“Ya ba ki wasan yara. Dubi ƙasar wurin nan, ita ta fi kowace ƙarfi. A bar ganye irin wanga ya lalace don ku shafa wa haƙora ku yi ta washe baki awa karnuka? Taba ta maza ce, 'yar malamai. Fure ɓarna ne.”

Na gane nufinsa. Sauran fangalin, ubansa ya san yawansu, ba zai iya taɓawa ba. Nawa ne yake so ya mayar ganye, ya shanya a ɓoye, su sami na lofensu shi da abokansa.

Na ajiye ƙwarya na shiga na tsaya tsakaninsa da taba. Na ce sai dai ya karya nawa kan. Ya ture ni, na dawo. Ya sake ture ni, na kama wuyan rigarsa. Hayaniya ta jawo abokansa daga garkokinsu, su huɗu, ta jawo 'yan mata masu ban ruwa. Da ya ga idanu sun yi yawa sai ya sake ni ya yi dariya.

Ya ce, “To ku ji. Wanda bai san ɗanɗanon taba ba, ba shi da ta cewa a gonar taba. Ko ba haka ba?”

Abokansa suka ce haka ne.

“In ɗura mata lofe ɗaya. In ta shanye har toka, ta tashi da ƙafarta ta je ta ja jigo sau uku, na bar mata fangali. In ta kasa, in karye shi tas, ba kuka ba kai ƙara.”

Ya faɗa ne don ya san ba za a yi ba. Har ya juya zai ci gaba da aikinsa.

Na ce, “Yaushe?”

Ƙawata ta ja ni gefe har tana yakushi na. “Ke, kin haukace? Ɗiyar Gwandu da lofe a baki, rana tsaka? Wallahi kafin magariba garin nan ya ɗauka. Wa zai aure ki? Bar masa, in nawa ya yi fure mu raba.”

Na ce, “Naki naki ne.”

“To ki kai ƙara wurin Gwaggonki mana.”

Na san Gwaggo. Ɗanta guda ne. Za ta ce mu yi haƙuri har maigida ya dawo, kafin nan kuwa kai ya daɗe da karyewa, kuma kan taba ba ya komawa.

Na dubi taubashina na ce, “Yanzu. Amma da sharaɗi. Abin da ka ɗura mini, shi za ka ɗura wa kanka in na gama. Daidai wa daida.”

Ya ce, “Kullum ina sha, ke za ki tsorata ni?”

Muka tafi gindin tsamiya. Ya ruga gida ya dawo da wani abu a ƙunshe cikin rigarsa. Ya kwance, sai ga ganyen bara na ubansa, baƙi ƙirin, wanda ake ajiyewa a tukunya a rufe, wanda tsofaffin masunta ke zuwa nema tun daga nesa. Ya murje shi, ya danna a lofe har baki, ya ƙara dannawa da babban yatsa. Babu ganyen wake ko ɗaya. Wani ya kawo garwashi a kan kasko. Na zauna a ƙasa na tanƙwashe ƙafa, na gyara ɗaurin zanena, na yi bisimilla. Wata daga cikin 'yan matan ta ce, “Ji ta, har da bisimilla!”

Zuƙar farko, jikokina, kamar an zuba mini barkono a maƙogwaro an bi shi da wuƙa. Tari ya taso, na danne shi da haƙora. Hawaye ya zubo, na bar shi ya zuba. Samari suka fara tafi suna cewa, “Za ta faɗi! Za ta faɗi!” Na sake zuƙa. A ta biyar ko ta shida sai na ji leɓuna sun daina zama nawa. Gumi mai sanyi ya keto mini daga tsakar kai. Tsamiya ta fara juyawa a hankali, garka ta karkace kamar faifai a hannun mai bakace. Yawu ya cika mini baki. Na rasa inda zan sa ido, sai na kafe shi a kan fangalina can bakin ruwa, na riƙe shi da ido kamar mai riƙe igiyar guga.

Taubashina ya tsuguna gabana. Dariyarsa ta ragu. Ya ce ƙasa ƙasa, “Ke, ya isa. Ajiye. Fuskarki ta zama toka.”

Na cire karan daga bakina na ce, “Matsa, kana tare mini iska.”

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai ji lofe ya yi ƙara irin ta busasshen abu, na zuƙa ba hayaƙi. Na kife shi a tafin hannuna, toka ta zubo, na nuna wa kowa. Sannan tashi. Na dafa ƙasa, ƙasa ta gudu. Na dafa gindin tsamiya na miƙe. Daga nan zuwa jigo taku ashirin ne, na yi shi kamar mai tafiya cikin ruwa zuwa wuya. Na kama igiya na ja, guga ya nutse, ya taso, na juye. Ɗaya. Na biyu rabin ruwan a ƙafata ya zube. Na uku ban gan shi ba, hannuna ne ya yi shi da kansa. Na juyo na jingina da sandar jigo na ce, “Saura kai, bawana.”

Ya so ya ce rana ta yi, a bari sai gobe. Abokansa ne suka hana shi, don yara maza ba su da tausayin juna a wurin kallo. Wani ya karɓi lofen ya ɗura masa daga ƙunshin nan, ya danna yadda aka danna mini. Ya karɓa yana murmushi, ya miƙe ƙafafu irin zaman masunta. Ya zuƙa da ƙarfi don a gani. Tari ya sarƙe shi har ya dafa ƙirji. Ya zuƙa na biyu, na uku. Bai kai rabi ba ya saki lofen, ya rarrafa, ya amayar da kunun safe a kan ƙafar abokinsa.

Na ce, “Ina ganyen waken? A kawo masa ganyen wake, shi ya saba da shi.”

'Yan mata suka kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Samari suka yi ta kallon ƙasa, don asirinsu ne gaba ɗaya ya tonu. Ni kuwa na taka a hankali na shiga cikin ciyawar bakin ruwa inda ba mai gani na, na durƙusa na yi nawa aman har na ga kore. Na kwanta a wurin har azahar, duniya tana yawo da ni.

Ƙawata ta yi gaskiya, sai dai ba a kai magariba ba. Kafin in iso gida labari ya riga ni. Gwaggo ta tarye ni da muciya. Ta doke ni a baya, ta doke ni a cinya, tana cewa, “Amana aka ba ni! Mi zan ce wa ubanki?” Ɗanta yana kwance a ɗaki yana nishi, ta dama masa fura da tsamiya. Na ce, “Gwaggo, shi fa?” Ta ce, “Rufe mini baki, shi namiji ne.”

'Yan matan da suka yi dariya a gindin tsamiya, washegari ko gaisuwata ba su amsa ba. Iyayensu sun ja musu kunne. In na iso bakin ruwa sai su matsa. Aka sa mini suna Mai Lofe, ƙananan yara suna bin bayana suna busa kara. Ƙawata in mun haɗu sai ta duƙa tana gyara gammo har in wuce. Shi kuwa taubashina kwana biyu aka yi ana masa ba'a, a na uku ya koma gindin tsamiya da lofensa, tsofaffi suna wucewa suna cewa yaro ya fara zama mutum.

Amma bai sake sa ƙafa a fangalina ba. Wannan na shaide shi. Ni ma ban yarda da alkawari kawai ba, can nake wuni. Ina kallon tohon yana kumbura, yana tsawo, bakinsa yana ɗaukar launi.

Ran kwana goma sha ɗaya ina cikin ban ruwan yamma na ga Gwaggo tafe, a bayanta ubana, ƙurar hanya har gwiwa. Wani mai kai gishiri ne ya kai masa labari har zaurensa, a gaban mutane. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba.

Ya ce, “Je ki ɗaure kayanki. Da asuba za mu tahi.”

Na ce, “Baba, furena saura kwana uku ya buɗe.”

Ban taɓa mayar masa da magana ba tun da nake. Ya dube ni kamar jakinsa ne ya yi magana.

“Kin san abin da ake faɗa a kaina a Gwandu?”

“Na sani, Baba.”

“Kin sha ko ba ki sha ba?”

“Na sha. Har toka.”

“Don mi?”

Na nuna masa fangalin. Na ce wata biyu na yi ina ɗaukar masa ruwa, aka zo za a karye shi, aka ce ba ni da baki sai na sha. Na ce wanda ya ɗura mini shi ma ya sha, ga shi can ba wanda ya zo ɗaukarsa.

Ya ce, “Shi namiji ne.”

Na ce, “Hayaƙin bai san haka ba, Baba. Ni ya bari tsaye, shi ya kayar.”

Ya ɗaga hannu. Na rufe ido, ban kauce ba. Sai na ji wani sauti a gefe, ashe Gwaggo ce dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da gefen mayafi. Matar da ta karya muciya a bayana.

Ta ce, “Sauke hannunka, ƙanena. Na riga na doke ta, dukan mutum biyu.” Ta matso kusa da shi, ta rage murya, amma na ji. “Kai da kake ta kumbura, wa ke kai wa tsohuwarmu garwashi bayan rumbu in Malam ubanmu ya fita masallaci? Ni ce ko kai?”

Ubana ya ce, “Yaya, wannan maganar ba ta gaban yara ba ce.”

“To ta gaban wa ce? Ta mutu da lofenta a ƙarƙashin tabarma, kai ka fasa shi ka binne kafin masu wanka su shigo. Jininta ne ga shi nan tsaye.”

Ubana ya sauke hannunsa. Ya dubi taba, ya dubi ƙafafuna da suka tsage. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga kawunan nan uku da aka karye, ya bushe ƙayau, ya juya shi a hannu ya yar. Sannan ya ce, ba ni yake kallo ba, “Jakin nan ya gaji. Ba zai iya hanya ba sai ya huta kwana uku.”

Jakin nan lafiyarsa lau, na ga yana cin harawa kamar ba gobe.

A safiya ta uku fangali ya buɗe. Furanni dogaye kamar ƙananan kakaki, gindi fari, baki ja-ja, suna da danƙo a hannu. Na tsinka na cika faifai biyu. Na zauna a bakin lambatu na fasa goron da Gwaggo ta ba ni, na tauna, na murza fure, na duba fuskata a ruwa, na ƙara murzawa. 'Yan mata suna daga nesa suna kallo, don nasu bai kai nawa ba, ƙasar wurina ta fi ƙarfi kamar yadda taubashina ya faɗa. Ƙawata ta zagayo ta bayan ciyawa tana raɗa, wai in ɗan miƙo mata kar a gani. Na ce, “Ta nan ba na bayarwa. Zagayo ta gaba, ki kira sunana kowa ya ji.” Ta tsaya, ta tsaya, sannan ta zagayo. Na cika mata hannu biyu. Sauran ban ba kowa ba.

Taubashina ne ya ɗaura wa jaki kaya. Da zan hau ya ce, “Sauka lafiya, Mai Lofe.” Na ce, “Ka gaida ganyen wake.” Ya ɗauki hoge ya jefe ni, bai same ni ba.

Na naɗe furen a jiƙaƙƙen tsumma, duk inda muka sami ruwa in yayyafa masa. Rabi ya yanƙwane a hanya, rabi ya kai. Muka shiga Gwandu da la'asar, mutane suna zaune a ƙofar gidaje, sun san ko wace ce a kan jakin. Ubana yana gaba kansa a ƙasa. Ni kuwa duk wanda ya kafa mini ido sai in gaishe shi da baki buɗe, ya ga haƙoran da kyau.

Ubana bai sake ta da maganar ba har ya koma ga Allah, allura a hannunsa, idonsa ya riga ya dushe. Inna ta yi kuka kwana biyu, a na uku ta ce in ba ta sauran furen. Mijin Gwaggo da ya dawo ya ji abin da ya faru, aka ce ba shan tabar ne ya ɓata masa rai ba, ganyen baran da aka ɗebo masa daga tukunya ne, a kan shi ya zane ɗansa. Ya yi ta noman taba har shekarar da gulbi ya cika ya cinye garkar. Gwaggo ta tsufa ƙwarai, ta rasu a ɗakina, ni na rufe mata ido. Ƙawata ta auri wani masunci mai shan lofe dare da rana, ta haifi tara, ta ce har furarta warin hayaƙi take yi. Ba mu sake haɗuwa ba sai sau ɗaya, a wurin wani suna.

Taubashina, da aka zo maganar haɗa mu aure irin na zumunci, ya ce shi ba zai auri macen da ta fi shi ƙirji ba. Na ce ni ma ba na auren bawana. Ya koyi shan ta gaske daga baya, ya iya ƙwarai, har ya kai ga irin mai takarda da Nasara suka kawo. Tari ya kama shi tun furfura ba ta gama fito masa ba. Na je Kalgo duba shi, ya rame kamar kara, numfashinsa yana kuka. Ya ce, “'Yar malamai, ashe ke kika yi wayo, sau ɗaya kika sha kika ci riba.” Na ce masa ya yi shiru ya sha kununsa. Bai ga damina ba.

Ni kuwa an ce ba mai aure na. Masu neman farko biyu sun ji labari sun janye, na yi shekara biyu ina kallon sa'o'ina ana kai su ɗaki. Na uku wani makiyayi ne daga wajen Dalijan. Aka gaya masa, ya ce shi mai tsaron abinta yake nema, don yana da shanu. Na zauna da shi shekara arba'in, kakanku ke nan. Ban sake sa lofe a bakina ba, ko warinsa ba na so har gobe. Amma ban taɓa cewa na tuba da na ranar nan ba, kuma ba yau zan fara ba.

Iyakar abin ke nan. Ku karɓi kunnuwanku, wani ya miƙo mini ruwa.